Hoton da Ya Raba Ni da Inna

Na san abin da ake faɗa a dangi, kuma na san ya iso kunnuwanku, ko da yake daga Rabi har Aminu babu wanda ya taɓa tarata da maganar. Ana cewa ni na kori kakarku Inna daga gidan ɗanta tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba. Ban kore ta ba. Da ana ɗaure babba da igiya don ya zauna, da na ɗaure ta a ƙafar gadona. Amma ni ce sanadin tafiyarta, hoto guda da na ɗauka shi ya fitar da ita. Tunda rubutun tarihina da nake yi muku ya kawo ni kan shekarar da babanku ya rasu, gara ku ji daga bakina da ku ji daga bakin masu ƙara wa miya gishiri.

Malam ya rasu da bazara, ana tsakiyar zafin nan na Gusau da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Kwana bakwai gidan ba masaka tsinke. Ana gama addu'ar bakwai kowa ya kama gabansa, Rabi ta koma Kaduna wurin aikinta da yaranta, Aminu ya koma Sakkwato, kuma ban ga laifinku ba, mai rai ba ya rasa abin yi. Aka bar ni da ɗakuna huɗu, da takabar wata huɗu da kwana goma, da Inna. Ita daga Tsafe aka kawo ta zaman makoki, can take zaune wurin autarta, gwaggonku Asabe, tun da zaman garinsu Kucheri ya gagare ta. Da Asabe ta ɗauko mata mayafi za su tafi, sai ta ce ita ba inda za ta, ba a barin mai takaba ita kaɗai kamar mayya. Na yi godiya a baki, a zuci kuwa na ce yau na ga ta kaina.

Shekara talatin da biyar ina auren ɗanta, ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa hira ba. A wurinta ni 'yar boko ce marar ta ido, malamar kimiyya mai kiran 'yarta ta fari da sunanta gatsal a gaban mutane, har da ɗora ta a cinya. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, 'Yar Bungudu take ce mini, kamar jiya aka kawo ni. Ni kuma a wurina ita dutse ce. Malam shi ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ku yanzu sai dai ku ji a labari. Ba ta faɗin sunansa, ko wani mai irin sunan ta gani sai ta raɗa masa wani. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice. In an yabe shi a gabanta, sai ta tashi ta bar wurin. Ranar da aka fito da gawarsa mata na kuka har da masu faɗuwa, ita kuwa ta ce Allah ya jiƙan musulmi, sannan ta tambaya ko an kai wa baƙin waje ruwa. Na ji da kunnena, kuma na riƙe ta a raina.

Takaba a hannun Inna ba irin wadda na karanta a littafi ba ce. Ni na san ba ado, ba turare, ba kwana a wani gida. Ita ta ƙara da nata: kada in ɗaga murya, kada in yi sauri in ina tafiya, kada in wuce zaure ko da rana tsaka, ga wata 'yar wuƙa da ta ce in riƙa yawo da ita. Na ce mata wannan ba ya cikin addini, ta ce ita ma ba ta ce yana ciki ba. Na karɓi wuƙar na riƙa yanka albasa da ita. Haka muka zauna, mata biyu a gida ɗaya, yini guda maganarmu ba ta wuce ta gaisuwa da ta abinci. Amma shirun gidan da ba kowa daban yake da shirun gidan da wani ke tari a ɗaya ɗakin. Kafin a yi arba'in na fara kama kaina ina kasa kunne in ji ƙarar butarta, in na ji sai hankalina ya kwanta. Da ruwan farko ya sauka na gan ta duƙe a bayan madafa tana shuka kuɓewa da yakuwa. Baƙon da ke shirin tafiya ba ya shuka kuɓewa. Ranar na ci abinci har na ƙara. Ba abin da nake tsoro a lokacin kamar ranar da takaba za ta ƙare ta ce a nemo mata mota.

Kyamarar kuwa ta Malam ce. Ya saye ta da ya ajiye aiki, wai zai riƙa zagaya gonaki yana ɗaukar hoto. Ya yi mako biyu yana ɗaukar kaji da yatsun ƙafarsa, sannan ya mayar da ita kwali. Ina neman takardun gida na ci karo da ita, kuma mai takaba ba abin da take da shi sai lokaci. Na zauna da ɗan littafinta yadda nake zama da manhajar sabon zango, na fara ɗaukar abin da ke gabana: randa, igiyar shanya, gwaibar da ya dasa a ƙofar ɗakinsa. Nan na haɗu da abin da ya hana ni sakat. In na zauna a ɗakina na ɗauki ƙofa, ko dai tsakar gida ta fito ɗakin ya zama baƙi ƙirin, ko ɗakin ya fito tsakar gida ta yi fari fat kamar an watsa gari. Shekara talatin ina zana ido a allo ina koya wa 'yan mata yadda haske ke shigarsa, sai ga wani ɗan akwati yana nuna mini iyakata. Ni kuwa kun san halina, da a ce abu ya gagare ni gara a mare ni.

Inna ta ɗauki abin a matsayin wani sabon rashin kunya. Amma wata rana ina tsakar gida na saita gwaiba, sai ta tsaya a bayana ta leƙa ɗan gilashin da hoto ke fitowa. Ga bango, ga gwaiba, ga ƙofar ɗakin Malam a buɗe, baƙa wuluk. Ta daɗe tana kallo.

"Abin ga naki, shina gani cikin ɗaki?"

"A'a, Inna. In ana rana a waje, duhun ciki ya fi ƙarfinsa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ga shi kina gani."

Ta ce to, ta wuce. Gaskiya na faɗa mata a ranar. Daga makon nan ta fara shiga ɗakin Malam bayan azahar, ta ce ya fi nata sanyi. Takan bar ƙofar a buɗe saboda iska, tagar kuwa a rufe take tun rasuwarsa, don haka in rana ta take ko ido ba ya ratsa duhun daga tsakar gida. Sai ta yi awa guda ko fiye, ta fito ta ɗauki buta. Ban kawo komai a raina ba, ɗakin da gaske ya fi sanyi.

Ni kuma na duƙufa bincike a waya, har na gano ashe matsalar tsohuwa ce, masu sana'ar sun daɗe da samo mata magani. HDR suke ce masa, ni dai uku-a-ɗaya na raɗa masa. Hoto uku za ka ɗauka na abu ɗaya, daga wuri ɗaya. Na farko ka rage haske sosai don abin da ke rana ya fito da kyau, na biyu tsaka-tsaki, na uku ka bar idon kyamarar a buɗe ya daɗe yana shan haske har abin da ke cikin duhu ya bayyana. Sai ka zuba su a kwamfuta, ta ɗebo mai kyau daga kowanne ta ɗinke su wuri guda. Sharaɗin shi ne kada kyamara ta motsa, kada kuma abin da ake ɗauka ya motsa. Ba ni da ƙafar da ake ɗora kyamara a kai, sai na kife turmi, ina tokare ta da tsofaffin littattafan ɗalibai. Na farkon da na haɗa, kaza ta gitta, ta fito da kai uku. Na nuna wa Inna, ta yi salati ta ce in dai wannan ne ilimin gara jahilcinta, kuma ranar na fara jin dariyarta a gidan. Na biyu na cika masa hannu, launi ya yi yawa kamar atamfar sallah, gajimaren damina ya fito kamar hayaƙin taya. A hankali na koyi sassautawa. Ranar da na samu hoton ɗakina da ya nuna zanen shimfiɗar gado, ya kuma nuna ɗigon ruwa a ganyen kuɓewa a waje, na juya in ce Malam zo ka gani, sai na tuna. Abin da ban yi ba shi ne in koma wurin Inna in ce mata maganar rannan ta tashi, yanzu abin yana gani cikin ɗaki. Wallahi bai zo mini a rai ba.

Akwai guruf ɗin dangi a waya, wanda Aminu ya buɗe lokacin jinyar babanku, mutum ya fi arba'in a ciki, daga 'yan uwansa har nawa na Bungudu. Nan nake tura hotunana. Ba yabo nake nema ba, ko da yake ba na ƙin sa. So nake wani ya ce Mama yaya aka yi wannan, in samu abin faɗa na minti goma. Sai in tura da safe, in yini ina duba waya. Wani lokaci Rabi ta manna alamar ɗan yatsa, wani lokaci ko shi babu, sai wani ya turo sanarwar ɗaurin aure ta binne nawa. Ba gori nake muku ba. Ina faɗa ne don ku san irin yunwar da nake ciki ranar da na yi abin da na yi.

Saura kwana arba'in da ɗaya in fita takaba. An yi ruwa da safe, rana ta fito bayan azahar ta haske bangon ɗakin Malam, gwaiba ta yi shar, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Irin ranar da nake jira ke nan. Na kife turmi a inda na saba, na ɗauki ukun, na ƙarshen na bar shi ya daɗe fiye da kullum don ina so in ga ko gefen gadonsa zai fito. Na san Inna na ciki, na ɗauka barci take yi a bayan ƙofa inda tabarma take. Da na haɗa su, duhun ƙofar ya buɗe kamar an ɗaga labule. Ga Inna zaune a ƙasa ta jingina da gadon. Ta cire kallabi. Ta ɗauko rigarsa, shuɗiyar nan da yake zuwa Juma'a da ita, ta rungume ta a ƙirji yadda ake rungumar jariri, ta kifa kumatunta a wuyan rigar, idonta a rufe, fuskarta sharkaf da hawaye. Ko gezau ba ta yi ba tsawon ɗauka ukun, shi ya sa ta fito tar, har jijiyoyin bayan hannunta ana iya ƙirgawa.

Na yi kuka a gaban kwamfutar nan irin wanda ban yi ba ranar rasuwa, na ji kunyar abin da na riƙe a raina game da ita. Da a nan na tsaya, na rufe na bar wa cikina, da yau wani labarin nake rubuta muku. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba, na fi kowa sanin wace ce Inna. Amma hoton ya fi duk wanda na taɓa ɗauka kyau, kuma na san wannan ba wanda zai manna masa yatsa ya wuce. Na tura. Ban kai ga ajiye wayar ba ta fara ƙara. Rabi ta kira tana kuka, Aminu ya kira, ƙannen Malam da rabona da muryarsu tun bakwai suka kira, har wata jikar kawuna da ban san ta ba. Na yi magana har muryata ta dishe, ina turo ƙofa don kada Inna ta ji. Na ji daɗi. Wannan ma dole in faɗa, na ji daɗi ƙwarai.

Kwana biyu bayan haka Asabe ta zo daga Tsafe. Ba da mugunta ta zo ba, Asabe ba ta da wannan wayon. Ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa gaban uwarta, ta miƙa mata waya tana share hawaye.

"Inna, ashe haka kike son Yaya? Kowa ya gani, kowa na ta kuka."

Inna ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta kusanto da ita. Ina tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Ba ta tambayi wanda ya ɗauka ba. Ta ɗago ta dubi turmin da ke kife a tsakar gida, sannan ta dube ni, kallo ɗaya, ba na fushi ba, irin kallon wadda aka yaye wa labulen makewayi. Ta mayar wa Asabe wayarta, ta jawo kallabinta har ya rufe goshi, ta ce a haɗa mata kayanta, tare za su koma. Na bi ta ɗaki na durƙusa, na ce ta yi mini rai, na ce kuɓewarta ta fara fure. Ta ce in riƙa tsinka tun tana ƙarama, in ta tsufa ba ta da daɗi. Na raka su har zaure, nan iyakata. Dokar da na yi wata uku ina yi wa gardama, ranar na kasa ƙetare ta, daga bayan ƙofa na ji tashin keken hayar da ya ɗauke su.

Kwana talatin da tara na yi ni kaɗai, na san adadinsu don ɗaya-ɗaya na ƙirga su. Waya ta koma shirunta cikin mako guda. Na goge hoton daga kwamfuta, na goge ukun da aka haɗa shi da su daga kyamara. Na bi mutanen guruf ɗin ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su goge, suka ce sun goge, Allah ne masani. Ke Rabi kin fi kowa ba ni wuya. Kin ce wannan ce kaɗai shaidar da kuke da ita cewa kakarku ta so babanku, ba ni da ikon raba ku da ita. Na ce ba naki ba ne, ba nawa ba ne, na Inna ne, sata na yi. Kin goge, amma kin yi wata biyu kina gaishe ni a tsaitsaye. Daga nan maganar kora ta samo asali, don mutanen unguwa ba hoto suka gani ba, tsohuwa suka gani ta bar gida da jakarta kafin takaba ta cika.

Ranar da kwanakina suka cika na yi wanka na sa tufafin da Rabi ta aiko, washegari da safe na shiga motar Tsafe. 'Yan uwana na Bungudu sun yi girki suna jirana, na ce su ci abinsu. Na tarar da Inna a inuwar rumfa tana tsinkar zogale a tire. Ta rame. Ta yi mini barka da fita, ta ce Allah ya ba da ladan haƙuri, ta tambayi hanya, ta tambayi kaji. Da Asabe ta ba mu wuri na matsa kusa, na ce mata na goge, na sa kowa ya goge, na zo ne in tafi da ita gida.

"Ba hushi ni kai ba, 'Yar Bungudu. Na yahe maki tun ran nan. Amma gidan da anka gan ni, ba ni iya zama cikinai."

Na ce ba wanda zai tayar da maganar, daga ni sai ita ne a gidan, kyamarar ma in ta ce in jefa rijiya zan jefa. Ta girgiza kai, hannunta bai bar zogalen ba.

"Shekara sittin da ukku ina ɓoyon abin ga. Yanzu kowa ya gani, har jikokin da ba su iya share hanci ba. Shi ɗai na bai gani ba."

Na ɗauka ta gama. Sai ta rage murya, tana kallon tiren, ba ni ba.

"Ke da kunka zamna da shi. Ya sani kuwa?"

Abin da ya faɗo mini shi ne wata la'asar a asibiti, saura kwana huɗu ya rasu. Ya tambaye ni ko Inna ta yi waya, na ce ta aiko Asabe da fura. Ya yi ɗan murmushi ya juya fuska bango, ya ce Inna ke nan, shi har yau bai sani ba ko ta taɓa kewarsa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau da nake rubuta shi. Ga tsohuwa ta tsayar da hannu cikin zogale tana jira.

"Ya sani, Inna. Ya sha faɗa mini."

Ta gyaɗa kai sau biyu a hankali, ta ci gaba da tsinka. Can ta ce in tashi in kama hanya tun da sauran rana, hanyar ba ta da tabbas, ta sa Asabe ta ƙulle mini zogale. Ba ta sake taka Gusau ba. Bazarar da ta zagayo ta rasu a Tsafe.

Na dawo gidan nan ni kaɗai, kuma ni kaɗai nake cikinsa har yau. Kyamarar tana nan, duwatsu da gajimare nake ɗauka yanzu. Hoton da na ɗauka da turawar da na yi, kullum ina neman gafarar Allah a kansu. Amsar da na ba ta a rumfar Asabe kuwa ƙarya ce, na sani, amma shekara nawa ke nan ina ɗaga hannu, bakina ya ƙi roƙon a yafe mini ita.